An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yadda Nake Gyaran Wayar Sensa a Tsohuwar Mota

Da daminar bara wani direba mai jigila tsakanin Kano da Zariya ya shigo garejinmu da Corolla ƙirar 2005, ransa a ɓace. Ya ciro leda daga aljihun ƙofa ya zazzage mini sensoci biyu a kan benci, duk masu auna zafin ruwan inji, ta uku kuma tana ɗaure a jikin injin. Ya ce sau biyu ana sa wa motar kwamfutar gano laifi, lamba ɗaya ke fitowa, P0118, kuma duk zuwa sai a ce masa sensa ce, ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo wata. A yi kwana biyu lafiya, a na uku fitilar cek mai nuna matsalar inji ta dawo, fanka ta kama gudu tun da asuba ba tsayawa, mota ta riƙa sarƙewa a kan hanya. Na ce wa yaro ya tayar da ita, muka bari ta yi zafi, sannan na ɗora yatsa a kan wayar da ta shiga soket ɗin sensar na ɗan lanƙwasa. Nan take zafin da kwamfuta ke nunawa ya faɗo daga digiri 86 zuwa 40 ƙasa da sifili. Na saki, ya koma inda yake. Wayar ce ta karye a cikin robarta, kamar faɗin yatsu biyu daga bakin soket, daga waje kuwa sumul take. Sauƙin kwana biyun da yake samu ma daga nan ne: duk wanda ya canza sensar sai ya motsa wayar, bakunan karayar su sake haɗuwa, har gargada ta sake raba su.

Shekaruna sun haura ashirin a aikin rewaya, kuma irin wannan asara ita ce ta fi damuna, domin kuɗin abincin gida ne mutum yake zubawa a kan abin da lafiyarsa ƙalau. Lambar da kwamfuta ta ba ka tana faɗa maka layin da saƙo ya rikice ne kawai. Layin nan kuwa ya haɗa sensar kanta, da soket, da waya, da as, wato hanyar da wuta ke bi ta koma, da ƙwaƙwalwar motar da muke kira biren bos. A motar da ta haura shekara 15, kafin in zargi sensa sai na wanke waya da soket daga zargi tukuna.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a kusa da mazaunin direba, nan ake jona kwamfuta. Waɗanda suka girme su suna da nasu hanyoyin. A tsofaffin Toyota, alal misali, za ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, ka buɗe makulli, ka ƙirga ƙiftawar fitilar cek, kuma lamba 22 tana nufin layin zafin ruwa. Ko ta wace hanya ka samo lambar, rubuta ta a takarda kafin ka cire kan batir, don kada ta goge ka rasa bakin zaren.

Waya ba ta mutuwa haka kawai. Zafin inji yana dafa robarta shekara da shekaru har ta bushe kamar ƙanzo, girgiza kuma tana lanƙwasa ta a wuri ɗaya har silin jan ƙarfen ciki su tsintsinke ɗaya bayan ɗaya. Baƙin mai da ke yoyo daga murfin inji yana kumbura robar ya laushe ta. Masu wankin mota suna harba ruwa mai ƙarfi cikin soket, ruwan ya kwanta, bayan 'yan watanni koren tsatsa ya fito. Motocin Beljiyam da na Kwatano da yawa sun yi rayuwarsu ta farko a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda haka da cutarsu suke isowa. Ga ɓera, musamman a motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi. Akwai kuma wadda daga masana'anta take: Mercedes na farkon shekarun 1990, irin su V-boot na ƙarshe-ƙarshe da C-Class na farko, robar wayoyin injinsu tana rugurgujewa ta zama gari. In irin wannan ta zo maka, kada ka ɓata lokaci kana faci, domin kana gyara nan can na zubewa. Sai dai a sauya damin wayar injin gaba ɗaya, ko a zauna a sake jan kowace waya sabuwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Mitar awon wuta mai nuna lamba, ƙarfen liƙi, dalma mai ƙaro a cikinta irin ta masu gyaran rediyo, filayar feɗe waya, filayar matse bakin waya, allurar ɗinki guda biyu, ƙaramin ƙwan fitilar mota da aka jona wa waya, feshin wanke soket, da silib, wato siririn tiyon robar nan da ke tsukewa in ya ji zafi. Nemi silib mai gam a ciki, shi ne ke hana ruwa shiga. Kada ka kusanci ruwan asid ɗin da masu liƙin lagireto ke amfani da shi, yana kama dalma da kyau amma zai cinye siririyar waya cikin 'yan watanni. Waya kuma ta mota za ka nema, mai sili da yawa, mai kauri daidai da wadda ka tarar, galibi rabin milimita murabba'i a layin sensa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya ba ta jure girgiza, ta lasifika kuma ba ta jure zafi. Ni tsohon damin waya nake saya wajen masu kayan Beljiyam in warware shi, in sami kala-kala masu kyau da araha.

Fara da ido da hannu, inji a kashe kuma a huce. Bi wayar daga sensa har inda ta shige babban dami. Wurare uku ne suka fi ba da matsala: daidai bakin soket, inda waya ta goga da ƙarfe ko ta bi kusa da bututun hayaƙi, da kuma duk inda ka ga an naɗa baƙin salatif wanda ba na kamfani ba. Wannan na ukun ka warware shi ko da ya yi kyau a ido, domin sau tari a ƙarƙashinsa za ka tarar da wayoyi biyu da aka murɗa da hannu, sun yi baƙi. In kana zargin karaya a ciki, kama wayar da yatsu ka ja a hankali. Lafiyayyiya ba ta miƙewa. Wadda ta karye za ka ji ta tana talewa kamar danƙo, robar ta sirance daidai wurin karayar.

Daga nan sai awo. Zan yi misali da sensar zafin ruwa, don ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma in ka gane ta sauran ba za su ba ka wuya ba. Wayoyi biyu gare ta: ɗaya tana kawo bolt 5 daga biren bos, ɗaya as ce mai komawa. A cikin sensar akwai ɗan abu da turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, ke raguwa in ya ji zafi, kuma da om ake auna ta. A digiri 20 za ka sami om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 kuma wajen om 300. Da safiyar bazara a nan Kano za ka ga ta ɗan gaza 2,000, wannan ba laifi ba ne. To ka ga duk abin da ya ƙara turjiya a kan hanya, kamar koren tsatsa a soket, zai sa biren bos ya ɗauka injin bai gama zafi ba, ya ƙara mai, fulogi su yi baƙi, kuma wani lokaci ko fitilar cek ba za ta kama ba. In layin ya yanke gaba ɗaya, shi ne kwamfuta ke nuna 40 ƙasa da sifili.

Cire soket ɗin, buɗe makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka auna tsakanin ramukan biyu ta ɓangaren mota. Ya kamata ka ga wajen bolt 5. In babu, mayar da baƙin bakin mitar kan negatif na batir ka sake aunawa. In 5 ta fito yanzu, wayar as ce ta yanke. In har yanzu babu komai, wayar da ke kawo wutar ce, ko kuma can wajen biren bos. Akwai wata dabara mai sauri in kana da kwamfuta a hannu: haɗa ramukan biyu da guntuwar waya, a Toyota za ka ga zafin ya haura zuwa digiri 140, ka cire ya faɗo ƙasa da sifili. In ya yi haka, layin yana isar da saƙo. Amma ina roƙonka, a sensar zafi mai waya biyu kaɗai ake wannan. In ka gwada shi a mai waya uku, kana iya haɗa bolt 5 kai tsaye da as, garin neman gira a rasa ido.

Masu waya uku, irin ta totur da ta awon iskar da inji ke zuƙa, tsarinsu ɗaya ne: wuta, as, da wayar saƙo. A motar da totur ɗinta na kebur ne, saƙon yana farawa wajen rabin bolt in ba a taka ba, ya riƙa hawa sumul har ya haura bolt 4 in an take shi ƙasa. In lambar tana tsalle ko tana ɓacewa a tsakiya, akwai magana. Ka kuma sani cewa sensoci da yawa layin bolt 5 ɗaya suke sha, as ɗinsu ma ɗaya. Saboda haka in kwamfuta ta zubo maka lambobi huɗu ko biyar a lokaci guda, kada ka tura mai mota kasuwa da dogon lissafi. Waya ɗaya ce ta goge ta taɓa bodi ta janye wutar kowa, ko kuma as ɗin da aka ɗaure a jikin inji ya kwance. Ciccire soket-soket ɗin ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita, wanda ka cire 5 ta dawo, a sensarsa ko jelarta ɓarnar take.

As tana buƙatar awo na musamman, kuma yara da yawa suna tsallake shi. Inji yana aiki, sa jan bakin mita a wayar as ta sensa, baƙin a negatif na batir. Abin da ya haura 0.1 na bolt, as ɗin ba ta da kyau. Nemo inda aka ɗaure ta, kwance notin, kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tamau. Bayan an sauke inji ko giya, wannan wayar ce aka fi mantawa da ita.

Kada ka yarda da ƙarar da mita ke yi in waya ba ta yanke ba ita kaɗai. Wayar da sili ɗaya ya rage mata za ta sa mita ta yi ƙara ta nuna maka ƙasa da om 1, alhali ba za ta iya ɗaukar aiki ba. In ina shakka, nakan cire wayar daga ɓangarorin biyu, wato daga sensa da kuma daga biren bos, in ba ta wutar batir ta cikin ƙwan fitila, in riƙa murza damin ina kallon hasken. In ya dushe ko ya ƙifta, na kama ɓarawo. Ka lura na ce a cire ta daga biren bos tukuna. Fitilar gwaji mai ƙwai ba a taɓa layin sensa da ita muddin yana jone, domin tana jan wutar da ta fi ƙarfin layin.

Wajen awo soket yana jone, kada ka huda waya da allura. Ɗan ramin nan da ba ka gani, ta nan ruwa zai shiga, bayan shekara ka haifar wa mai mota sabuwar cuta. Zura allurar ta bayan soket, ta gefen robar da ta rufe wayar, har ta taɓa ƙarfen ciki. Haka kuma kada ka cusa bakin mita ta gaban soket, ya fi ramin kauri, zai buɗa shi ya daina kamu.

In laifin na soket ne, duba shi da fitila. Kore kaɗan a baki, feshi da ɗan buroshi sun isa, a bar shi ya bushe sarai. Kada ka goge da sanfefa, za ka kankare rufin da ke kare ƙarfen, tsatsar ta dawo da sauri fiye da da. Sannan gwada kamunsa: karyo ƙafa ɗaya daga matacciyar sensa irin wannan, zura ta cikin kowane rami ka zaro. Ya kamata ka ji yana riƙewa. Ramin da ƙafar ta shiga ta fita sakayau ya saki, kuma shi ne ke kawo matsalar da ke zuwa ta tafi. Ana iya ɗaga ɗan harshen da ke riƙe ƙarfen da allura, a zaro shi ta baya, a ɗan matse shi a mayar, amma ƙarfen da ya gaji ba ya daɗewa, dabarar kai mota gida ce. Idan kuma maɓallin soket ɗin ya karye har ana ɗaure shi da ƙyalle, ko jikinsa ya narke, ko koren ya bi waya ya shige ƙarƙashin roba, sauya shi kawai.

Sauyin nan ga yadda nake yi. Nakan ɗauki tsohuwar sensar in tafi da ita wajen masu yanka dami, in gwada soket ɗin a kanta a gabansu, domin akwai masu kama da juna da ɗan tudun jikinsu ya bambanta. A yanko mini shi da jelar waya kamar taƙi ɗaya, ba guntu ba. Kafin in yanke tsohon, sai na ɗauki hotonsa da wayar salula ta gaba da ta baya. Kala ba abin dogaro ba ce, don soket ɗin da ka sayo wataƙila daga wata mota ya fito. Matsayin rami za ka bi: wayar da ke rami na ɗaya a tsohon, ita za ta tafi rami na ɗaya a sabon. Cire negatif na batir, sannan ka yanke waya ɗaya, ka haɗa ta, ka gama da ita, kafin ka taɓa ta biyu. Wanda ya datse su duka lokaci guda, shi ne ke kwana yana neman taswirar waya. In motar Honda ce mai rediyon kamfani, tambayi mai ita ko yana da lambar buɗe rediyon kafin ka cire batir.

Yanzu ga haɗin kansa, inda aiki ke kyau ko ya lalace. Yanke tsohuwar wayar ka feɗe, ka dubi jan ƙarfen. In baƙi ne ko kore, ƙara yankewa baya, ka yi ta yi har sai ka iske ja mai sheƙi. Dalma ba ta kama ƙarfen da ya yi baƙi, ko ta kama a ido ne kawai. Kada ka yi haɗi dab da bakin soket, ko a wurin da waya ke lanƙwasa in inji ya girgiza. Matsa kamar faɗin yatsu huɗu, zuwa inda damin yake a miƙe kuma a ɗaure. Sannan kada haɗin wayoyi biyu ya zo kafaɗa da kafaɗa. Goce su da santimita 2 zuwa 3, ta yadda ko rufin ya ci wata rana ba za su taɓa juna ba, damin kuma ba zai yi ƙulli ba.

Zura silib ɗin tun kafin ka haɗa, ka tura shi nesa da zafi. Feɗe kamar santimita ɗaya da rabi a kowane ɓangare ba tare da ka gutsure sili ko ɗaya ba. Shigar da silin cikin juna kamar yadda ake sarƙe yatsu, ka murɗa su a miƙe, kada ka yi musu jelar ɓera a gefe. Ɗora ƙarfen liƙi a ƙarƙashin haɗin, ka bari wayar ta yi zafi, sannan ka taɓa dalmar a saman wayar, ta narke ta shige da kanta. In ka narkar da ita a kan ƙarfen ka ɗiga, za ta zauna a sama kamar kashin tsuntsu, ciki kuwa babu kamu. Kaɗan ta isa. In ta yi yawa tana bin sili ta shige ƙarƙashin roba, wayar ta sandare, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan za ta sake karyewa. Haɗi mai kyau yana sheƙi, kana iya ganin zanen silin ta cikinsa.

Wasu abokan sana'a suna cewa matsi ya fi liƙi, kuma suna da hujja, domin kamfanonin mota matse bakin waya suke yi. Ni ma a wurin da girgiza ta yi yawa matsin nake zaɓa, amma da sharaɗin filayar matsi ta gaske wadda ke naɗe kunnuwan ƙarfen su nutse cikin sili. Abin da ake yi da filayar gama-gari, a lanƙwashe ƙarfe a ce an matse, wannan liƙin dalma ya fi shi nesa ba kusa ba. Ko wanne ka yi, ja haɗin da hannu da ɗan ƙarfi. Gara ya zare a hannunka da ya zare a dajin Falgore da dare.

Jawo silib ɗin ya rufe haɗin ya zarce santimita ɗaya kowane gefe, ka ba shi zafi daga tsakiya zuwa baki har ka ga gam ya ɗan leƙo. Na'urar hura iska mai zafi ta fi. In leta za ka yi amfani da ita, riƙa kaɗa ta kada ta tsaya wuri ɗaya, kuma ka tabbata babu warin fetur a kusa. Na taɓa ganin bonet ya kama da wuta a wani gareji saboda tiyon mai da ke tsatsafowa, tun daga ranar ba na kunna leta a kan inji sai na shinshina.

Sensoci biyu suna da hukunci na daban. Ta farko ita ce ta karanshaf mai lura da juyawar inji, wadda in layinta ya yanke mota take mutuwa tana tafiya, ko kik ya yi ta juyawa babu wuta a fulogi, lambarta P0335. Mai waya biyu irin ta maganaɗisu ita ke haifar da 'yar wutarta, kuma saƙon ba shi da ƙarfi in inji na juyawa a hankali, shi ya sa ake lulluɓe wayoyinta da raga ko farar takardar ƙarfe don kare su daga hayaniyar koyil da altaneta. Haka ma ta jin ƙwanƙwasar inji. In za ka gyara, buɗe ragar kaɗan gwargwadon buƙata, haɗa na ciki ka rufe kowace da silib ɗinta, sannan ka sake haɗa ragar ta zagaye su. Ko sili ɗaya na ragar kada ya taɓa wayar saƙo. Galibi gefe ɗaya kawai ake ba ragar as, saboda haka kada ka ƙara mata wata don neman inganci. Kuma kada ka juya wayoyin biyu, juyin yana sa mota ta ƙi tashi ko ta tashi da gardama.

Ta biyu ita ce sensar salansa mai auna iskar oksijin a cikin hayaƙi. Wayarta ce ta fi ƙonewa, musamman bayan an kai mota walda an bar ta kwance a kan bututu. Mai waya huɗu, biyu na hita ne, ɗaya saƙo, ɗaya as. A ta Bosch farare biyu su ne hita, baƙa saƙo, ruwan toka as. A ta Denso da ke yawancin Toyota baƙaƙe biyu ne hita, shuɗiya saƙo, fara as. Ka ga wanda ya bi kala da ka zai yi ɓarna. Jelar da ke jikin sensar ba a liƙa ta da dalma: ƙarfenta ba ya kama dalma da kyau, wasunsu kuma ta tsakanin silin wayar suke shaƙar iskar waje da suke kwatanta hayaƙin da ita, in ka toshe ka rikita awon. Matsi ake yi a nan, ko a sauya sensar. Ta ɓangaren mota kuwa, bayan soket, gyara kamar kowace waya. Kuma kada ka fesa mai ko ka cusa giris cikin soket ɗinta.

Bayan haɗi, mayar da waya hanyarta ta asali. Naɗe ta da tef na yadi, ka sa ta cikin tiyon roba mai gaɓa-gaɓa, ka mayar da kowane maƙali inda yake. Salatif mai araha yana narkewa a zafin inji ya bar danƙo. Bar ɗan sassauci tsakanin inji da bodi, don inji yana motsi a kan kujerunsa duk lokacin da aka taka totur, wayar da aka ja tamau kuwa ita ce za ta biya. Nisanta ta daga bututun hayaƙi, da fambel, da wayoyin fulogi. In kuma baƙin mai ne ya jiƙa ta tun farko, a gyara yoyon, in ba haka ba bayan shekara muna nan tare.

Akwai al'adar da nake roƙon 'yan'uwana mu bari, ta cire tamosta, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a yanke wayar fanka a haɗa ta dairek da sunan ƙasarmu da zafi. Injin da ke aiki da biren bos an tsara shi ya zauna wajen digiri 80 zuwa 95. In bai kai ba, mai zai ƙara sha, kuma yankan da ake yi wajen haɗa fankar sau da yawa a damin sensa ake yinsa, a bar shi a murɗe da salatif. Motar da ke obahitin tana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya ci, shi ya kamata a nema.

Gwajin ƙarshe da inji mai sanyi nake yinsa. Mayar da batir, goge lambar, buɗe makulli ka dubi zafin ruwa da na iska a kwamfuta, ya kamata su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin garin. Tayar da inji ka zuba ido, lambar ta riƙa hawa a hankali ba tsalle, har fanka ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. Yana da zafin nan, sake murza damin daga soket har inda ka yi haɗi, domin wata karayar sai ta ji zafi take buɗewa. Sannan a fita da motar hanya mai gargada a dawo a sake sa kwamfuta.

Corollar direban nan haka muka yi mata. Soket ɗinta yana da sauran kamu amma wayar ta bushe har kusan taƙi, saboda haka na sauya shi da jelarsa, na mayar da maƙalin da ya ɓalle wanda ya bar wayar tana lilo tun farko. Na sa sensoci biyun da ya zo da su a leda cikin ruwan zafi na auna. Ta asalin motar, ta Denso, ta sauko wajen om 300 daidai yadda ake so, ita na ɗaura masa, na ƙara ruwan lagireto na fitar da iska, ya ɗauki sauran biyun ya sa a aljihun ƙofa.